Ɗakin da Rhoda ke sauke baƙonta

Rhoda, matar Silas mai jirgi, ba ta taɓa cewa "za mu kama" ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan tana auren mai farautar agvik, babban kifin nan da ke ratsawa ta gaban garinmu Ikpik kowace bazara, amma ko da wasa ba a taɓa jin kalmar kamu a bakinta ba. "In baƙo ya zo," haka take faɗa. In wani cikin mutanen jirgin ya yi suɓul da baka a gidanta ya ce bana sai sun kamo ƙato, ba ta yi masa faɗa. Sai ta miƙa hannu ta ɗauke kofin shayin da ke gabansa, ta bar shi da busasshen biskit ya yi ta fama har hankalinsa ya dawo jikinsa.

Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ga ƙaramar murya, ga taurin kai irin na ƙasar nan tamu ta arewacin Alaska, wadda sai da diga ake shawo kanta. A tanti aka haife ta, a kan harshen yashin da ya miƙa cikin teku yamma da gari, lokacin da iyayenta ke can kamun kifi. Ta yi makarantar kwana a kudu, inda ta fara ganin itace a tsaye, ta dawo ta ce bai burge ta ba, tare wa mutum gani kawai yake yi. Ta kama aikin dafa abinci a makarantar gari, kuma rabin magidantan Ikpik na yau da ludayinta suka girma. Shi ya sa har shugaban majalisar gari, in ta ɗaga masa gira, sai ya gyara zama.

Da aka ɗaura aurenta da Silas, surukarta Harriet ba kicin ta fara nuna mata ba. Hannunta ta kama ta kai ta wurin sigluak ɗin gidan, ramin ajiyar nama da kakan Silas ya haƙa a cikin ƙasar da ba ta narkewa. Suka ɗaga marufin katako, suka bi tsani suka sauka. Haƙarƙarin agvik ne ke tokare da bakin ramin, sun yi baƙi don tsufa. Can ƙasa sai wuri ya buɗe kamar ɗaki, bango duk ya yi furen ƙanƙara, fitila na taɓa shi sai ya hau ƙyalli. Ga nama jibge, ga maktak, fatar agvik da kitsenta, an jera yanka kan yanka, ga sanyi mai shiga haƙori.

"Nan yake sauka," in ji Harriet. "Mijinki jirgi kawai yake kaiwa bakin ruwa. Wurinki baƙon ke zuwa. Kuma yana jin duk abin da ake faɗa a garin nan. Ya san marowaciya, ya san ƙazama, ya san wadda ɗakinta ya gyaru."

Sunan ramin Mai Nisa. Rhoda ba ta tambayi dalili ba a ranar, ba ta kuma tambaya daga baya ba. Wasu na cewa saboda zurfinsa ne.

Da Harriet ta rasu aikin ya dawo hannunta. Kowace shekara, in rana ta dawo bayan dogon duhun hunturu ta fara jimawa a sama, sai Rhoda ta sauka ta kwashe duk abin da ya rage, ta raba wa tsofaffi da matan da mazansu suka mutu, ko yanka ɗaya ba ta bari. Ta kankare bango, ta share ƙasa, a zuro mata sabuwar dusar ƙanƙara a bokiti ta shimfiɗa fari fat. Sannan ta hau ta samu Silas ta ce, "Ɗaki ya shirya." Sai ya ji wannan magana yake sa a ja jirgin fata zuwa bakin ruwa. Fasto ke yi wa jirgin addu'a, amma Rhoda ce ke sallamarsa.

Ana haka teku ta canza hali. A da, kafin iskar kaka ta taso, ƙanƙara ta riga ta rufe teku ta ɗaure mata hannu. Yanzu ƙanƙarar sai ta ga dama take zuwa, iska kuwa ba ta jiran kowa. Raƙuman ruwa su yi ta dukan gindin gaɓa suna narkar da ita daga ƙasa, wata safiya a tashi a ga yanki guda ya zube kamar an gutsuri burodi. Sa'ad da Rhoda ke amarya, daga Mai Nisa zuwa bakin gaɓa sai ka gama gulmar mutum ɗaya ka soma ta wani kafin ka isa. A shekarar da nake ba ku labari kuwa, in ka tsaya a bakin ramin ka tofa yawu da ƙarfi, a ruwa zai faɗa.

Edna 'yar kawun Rhoda ce, taubashiyarta, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba sai da tsiya. Ita ke riƙe da ofishin tsare-tsare na gari, ɗaki ɗaya mai kwamfuta da tukunyar kofi da ba ta hucewa. A ƙarshen ranin shekarar ta kira Rhoda a oba-oba, rediyon da ke kowane kicin a Ikpik, yadda duk gari zai ji.

"Gajeriya, in ƙafafunki za su iya kawo ki, zo ofis. Akwai abin da ya fi ƙarfin kanki."

Rhoda ta je da fulawa a hannun rigarta.

"Ga ni, uwar tabarau. Me kika ɓata kuma?"

Edna ta juyo mata fuskar kwamfuta. Taswirar gari ce, wadda ofis ya daɗe yana haɗawa da mutanen jami'a, aka ɗora ta a intanet. Ga Ikpik yadda tsuntsu ke ganinsa: rufin coci, tankunan mai, filin jirgin sama, har jan kwanon gidan Silas. A gefen teku an ja layuka masu launi, ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ke cikin ruwa, in ji Edna, inda gaɓa take ne a shekarun baya. Waɗanda ke kan tudu kuwa inda ake ganin za ta kai ne. Da wannan majalisa za ta san inda za a zuba buhunan yashi, da gidan da za a fara ja baya, da inda ba za a sake barin kowa ya kafa ko bukka ba.

Rhoda ta sunkuya. Layin farko cikin na kan tudu ya bi ta kan Mai Nisa daidai, kamar an sa wuƙa.

"Wa ya ja wannan?"

"Teku ce ta ja, mu sawunta muka bi. Yanzu ramuka muke sawa, kowane sigluak ɗigo ɗaya. Kore in lafiya lau yake, rawaya in ya fara jiƙa, ja in ya tashi daga aiki. Naki fa?"

"Kore."

"Rhoda."

"Kurma ce ke? Na ce kore."

"Na ci maktak ɗinki a bikin rani. Ban ce komai ba saboda mutane. Harshena ya san Mai Nisa tun kafin in yi haƙoran gaba, kuma wannan ba ɗanɗanonsa ba ne. Ya fara laushi."

"Bakinki ne ya fara laushi. Tsufa ne."

Edna ta cire tabarau ta murza ido. Rhoda kuwa ta ƙura wa taswirar ido, can ta ce, "Wa ke ganin abin nan?"

"Kowa. Duk mai intanet, ko a ina yake a duniya."

"To ba za ki shelanta wa duniya cewa ɗakin baƙona ya lalace ba. Yana ji."

Edna ta yi dariya har da tari. "Haba 'yar gwaggo. Agvik ba shi da kwamfuta."

"Wayar intanet ɗin nan da aka kawo mana, ta ina aka ja ta?"

"Ta ƙarƙashin teku mana."

Rhoda ta dube ta kawai. Edna ta mai da tabarau, ta ɗan jima tana kallon tagar da ke fuskantar ruwa, sannan ta bar ɗigon Mai Nisa babu launi.

Silas mutum ne da magana ke yi masa tsada. Da yamma yana shan romon naman tuttu, barewar tudunmu, Rhoda ta ba shi labari tana jiran ya ce Edna ta cika shisshigi. Ya sha romo, ya tsotse ƙashi, ya ajiye.

"Ni ban taɓa sa miki baki a ramin nan ba, tsohuwa, ba kuma yau zan fara ba. In bazara ta yi kika ce ya shirya, zan ja jirgi. In ba ki ce ba, a tudu za mu zauna."

"Ka taɓa jin jirgin gidan nan ya zauna a tudu?"

"Ban taɓa ji ba. Ban kuma taɓa jin baƙo ya ba da kansa an bar shi ya ruɓe ba."

Nan ya bar ta. In ta ce ya shirya, baƙo ya zo, ruwa ya shiga ramin da rani, to abincin bikin godiya da na Kirsimeti na gari guda ya tafi, ya tafi da sunan gidan. In kuma ta bar Mai Nisa, ɗakin da baƙon ya sani tun zamanin kakan Silas, ina zai nufa? Wasu gidaje sun koma sa nama a manyan firji na ƙarfe. Rhoda ta ce wannan akwati ne, kuma ita ba ta sauke baƙo a akwati.

Cikin watan Satumba iska ta taso daga yamma, ta yi kwanaki tana jijjiga gari. Ranar da ta ɗan lafa, da tsakar rana, Rhoda ta ɗauki tocila ta fita ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɗaga marufi ta sauka.

Bangon da ke wajen tudu yana nan da furensa. Na wajen teku kuwa ya yi baƙi, yana naso, ta danna yatsa ya lotsa. A ƙasa ga ruwa ya kwanta, bai kai idon sawu ba. Ta tsoma yatsa ta kai baki. Gishiri.

Sai ta ji shi. Duk tsawon rayuwarta Mai Nisa ne wurin da ya fi ko'ina shiru. In ka sauka, bugun jininka kaɗai kake ji a kunne. Yau kuwa akwai wani bugu daban, mai nauyi, yana zuwa yana komawa. Ta kashe tocila ta dafa bangon da tafin hannu. Ƙasar na motsi a hankali, kamar ta dafa ƙirjin wata dabba da ba ta da iyaka tana numfashi. Teku ce gaba ɗayanta a bayan ɗan bangon nan, tun daga nan har inda ba wanda ya taɓa zuwa, da duk abin da ke yawo a cikinta. Ta zaci tsoro zai sa ta ruga tsani, amma sai ta samu kanta a tsaye, hannu a bango, kamar yadda take tsayuwa a coci in ana waƙar da ta fi ƙarfin muryarta.

A nan wani abu ya faɗo mata. Ruwan da ke ƙarƙashin takalminta shi ne ruwan da baƙon ke iyo a ciki. Labari ya riga ya kai masa tun tuni. Edna da kwamfutarta su ne na ƙarshen ji.

Washegari ta tura ƙofar ofis.

"Uwar tabarau, layukan nan na cikin ruwa. Akwai hoton lokacin?"

"Akwai. Daga jirgin sama aka ɗauka, wajen shekarar da aka haife ki, lokacin da duniya ba ta da launi. Zauna kar ki faɗi, ko da yake ba daga nesa za ki faɗo ba."

Edna ta kama wani ɗan maɓalli a gindin taswirar ta ja shi hagu sannu a hankali. Launi ya ɗauke. Filin jirgin sama ya ɓace, tankunan mai suka ɓace, gidaje suka ragu suka koma 'yan ƙwayoyi. Sai ƙasa ta fara tsirowa. Rhoda na kallo gaɓa ta miƙe ta shiga teku, ta yi ta shiga tana karɓo abin da aka ci mata, har ta wuce inda Silas ke jefa raga a yau. Harshen yashi ya fito daga ruwa, dogo, fari, ga 'yan ɗige-ɗige a kansa kamar an watsa shinkafa.

"Tantuna ne," in ji Edna, muryarta ta yi ƙasa. "Ɗaya na gwaggo ne. Wataƙila kina ciki, ko kina cikin cikinta."

Rhoda ta matso kusa da gilashin. Tun tana budurwa ruwa ya shanye wurin, har ta soma ɗauka ko mafarkinsa ta yi. Ga shi yau kwance a gabanta rana na haska shi, ranar wani yini da ya wuce tun kafin ta san sunanta. Wani ne a cikin jirgi ya leƙo ƙasa ya danna abu ya wuce, bai san su ba, bai san me ya ajiye musu ba.

"Matso da nan," ta ce, ta ɗora yatsa a gilashin. "Waɗannan fa?"

'Yan tsibi-tsibi ne a jere a bakin tsohuwar gaɓa, kowanne da baƙin tabo a tsakiya da siririyar hanyar ƙafa zuwa gare shi. Ramuka ne. Sun fi na garin yau yawa, kuma duk sun shiga ruwa tun Rhoda na rarrafe. Daga ƙarshen jerin sai wata hanya ta ɓalle ita kaɗai ta nufi tudu, ta yi ta tafiya cikin fili babu gida babu komai, har ta ƙare a wani tsibi guda.

Edna ta dawo da ɗigon nan marar launi. Ya sauka a kan tsibin daidai.

"Mai Nisa," in ji Rhoda.

Ashe ba zurfi ba ne. Ashe kakan Silas ya taɓa tsayawa inda take tsaye, ya dubi teku, ya saɓi digarsa ya tafi can inda mutane suka yi ta yi masa dariya, har dariyar ta zama suna. Kuma baƙon ya bi siririyar hanyar nan ya same shi, ya yi ta samunsa har zamanin jikoki.

"To," in ji Rhoda, ta share ido da bayan hannu. "Dawo da ni yau. Nuna mini bayan layinki na ƙarshe."

Suka wuni a kai. Edna ta kunna mata launin da ke nuna inda cikin ƙasa kusan duk ƙanƙara ce, wadda in ta ji ɗumi sai ta zauna, da inda yashi da tsakuwa suka fi yawa. Rhoda ta ƙi wuri ɗaya saboda ya yi kusa da juji, ta ƙi wani saboda iska na kawo masa warin mai. Daga ƙarshe suka tsaya a kan tudun da ke bayan filin jirgin sama.

"Sai in sa wa tsohon ja?" in ji Edna.

"Kar ki kuskura. Ba zan rufe masa wannan ƙofa ba sai na buɗe masa waccan. Fara sa sabon."

"Ai babu rami a wurin tukuna. Ni ba na sa ƙarya a taswira."

"To ki jira."

Da safe, lokacin da mutanen Ikpik ke gaisa juna a oba-oba, Rhoda ta ɗauki nata. Ba ta saba ba, sai da ta busa a ciki ta ji ko yana aiki.

"Barkanku da kwana, barkanku da kwana. Rhoda ce. Mai Nisa ya gaji, za mu sallame shi. Za mu haƙa sabo a tudun bayan filin jirgi. In an fito daga ruwa, a bar coci a hannun dama, a bi hanyar filin jirgi har ƙarshe, za a gani. Duk mai ji ya ji."

Babu wanda ke bukatar kwatancen tudun nan a Ikpik, ko yaron goye ya san shi. Babu kuma wanda ya yi dariya.

Sai da saman ƙasa ya daskare sosai aka fara haƙa. Roland, ƙanen Silas, shi ne kan gaba, kuma tun ranar farko ya tsaya a kan tudun ya dubi nisan gari ya girgiza kai.

"Matar yaya, wannan kuma me za mu kira shi? Bayan Duniya?"

"Haƙa dai, mai baki. In ka rage tumbin nan a ciki, ai ka ci riba."

Rana ta tafi hutunta na hunturu, aka ci gaba da aiki a hasken janareta. Injin fasa ƙasa ya yi ta tsalle kamar a kan ƙarfe, in ya ƙi sai diga, a cika bokiti a ja da igiya. Wunin maza huɗu bai wuce zurfin tukunya ba. Rhoda ke kai musu romo da soyayyen burodi a kan babur ɗin ƙanƙara, ta tsaya a bakin ramin tana leƙe.

Wata rana Roland ya kira ta daga ƙasa, kuma babu wasa a muryarsa. Ya turo wani dunƙule a bokiti. Ta ɗaga shi wajen fitila. Ciyawa ce a cikin ƙasar, kore shar, da ganyenta da komai, kamar jiya aka tsinko ta. Daga zurfin da ya shanye tsayin mutum biyu ta fito. Da ta ɗan ji ɗumin safar hannunta sai ƙanshin rani ya tashi, ranin da kakan kakan kowa bai gani ba. Maza suka bar aiki suka yi ta miƙa wa juna suna shinshinawa. Rhoda ta sa aka mai da ita ƙasa aka cusa ta a wani lungu na bango.

Rana ta dawo. Mata suka gama ɗinkin fatun jiragen, sauran gidaje suka fara sare hanya a kan ƙanƙara zuwa bakin ruwa, sabon ɗakin kuwa bai kai rabin Mai Nisa ba. Jirgin Silas na nan a kan ma'ajinsa. Kullum sai ya je ya shafa shi ya dawo, bai tambaye ta komai ba. Rhoda ta sauka sabon ramin ta ware hannuwa ta auna, ta buga bango da dunƙule ta ji shi kamar dutse. Ta ce a dakata haka.

Mai Nisa ta fara zuwa. Ta kwashe abin da ya rage ta raba, ta kankare, ta share, ta shimfiɗa masa farar dusar ƙanƙara kamar kowace shekara, ta rufe marufi. Sannan ta yi wa sabon haka. Ta samu Silas a gindin jirgi.

"Ɗaki ya shirya. Ƙarami ne, amma ya shirya."

Ya gyaɗa kai ya tafi kiran mutanensa. Ita kuma ta bi ta ofis ta tsaya a bayan Edna har ta ga koren ɗigo ya sauka a kan tudu. Sai a sannan ta bari aka sa jan.

Su Silas sun daɗe a bakin ruwa a bazarar nan. Rhoda na gida, tana tafiya a hankali, tana magana a hankali, kamar yadda matar mai jirgi ke yi don kar baƙo ya firgita. Da kiran albishir ya zo a oba-oba, addu'a da farko sannan sowa, ba muryar Silas ba ce. Jirgin gidan Amos ne baƙo ya zaɓa, wani mai jirgi a garinmu. Su Silas suka kama igiya suka taya ja, aka ba su rabonsu, rabo mai kauri, aka jawo shi har tudu.

Roland ya sauke igiya yana ɓata rai. "Bai gane hanya ba, matar yaya."

"Wane baƙon kirki ne ke faɗo maka sabon gida haka kawai? Kaya ya aiko tukuna. Sauko da su a hankali."

Da kaka iska ta sake tasowa. Safiyar da ta kwanta, Edna ta kira a oba-oba, kuma ba ta ce gajeriya ba.

"Rhoda, sauko bakin ruwa."

Ta sauka ta tarar da mutane a kan yashi sun ɗaga kai. Gaɓa ta zube, ta tsage Mai Nisa gida biyu, rabi ya tafi da ruwa, rabi na nan a jikin gaɓar a buɗe kamar ɗakin da aka cire wa bango. Tsani na lilo. Ranar safe kuwa ta shiga ciki, karo na farko tun da aka haƙa shi. Furen ƙanƙarar da ke bangon tudu ya kama da haske gaba ɗaya, fari da shuɗi da ruwan zinariya, har sai da mutane suka kare ido. Shekarun da Rhoda ta yi tana shiga da fitila, ashe kaɗan take gani. Ƙasan ɗakin a share, babu komai a kai.

Silas ya cire hula. Edna ta matso ta riƙe hannun rigar Rhoda, ta ce a hankali, "Ko yanka ɗaya bai tafi ba."

Rhoda ta tsaya tana kallo, furen na narkewa yana ɗiga, har hasken ya mutu bangon ya koma ƙasa kawai. Abincin bikin godiya na can kan tudu, daskare kamar dutse, ta duba shi shekaranjiya. Ta gyara hularta ta juya wajen mijinta.

"Ɗakin nan ya yi ƙanƙanta, Silas. Ka gaya wa Roland ya wasa digarsa."